Koyon Sana'a: Gyaran Fitilun Bayan Fijo 504

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kachia da almuru, ko a hanyar Abuja daidai Gonin Gora, zai ga tsofaffin motoci suna shigowa Kaduna da kaya niƙi-niƙi. Ta gaba fitilunsu tar. Amma in mota ta wuce aka bi bayanta da kallo, sau da yawa sai a ga ido ɗaya ne ke ci, ko kuwa duhu dunɗum. Direba bai sani ba, domin shi gabansa yake kallo. Wanda ke biye da shi ne zai sani, shi ma wani lokaci sai ya zo dab.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa ɗaya tana cin wajen mita 22 cikin daƙiƙa ɗaya tak. Watau kafin mutum ya ce "kai!" ta wuce tsawon ɗakuna biyar ko shida. Idan akori-kura ta taka birki fitilarta ba ta kama ba, direban tirelar da ke bayanta sai ya ga mota tana girma a idonsa sa'an nan zai gane ta rage gudu. Su wa ke zaune a bayan akori-kurar, a kan buhuna? 'Yan kasuwa, da mata masu goyo, da yaron mota. Doka ma ba ta yarda mota ta hau titi da matattun fitilu ba. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna da ikon tsayar da irin wannan mota su ci ta tara.

Darasin wannan wata a kan fitilun bayan Peugeot 504 ne, motar da kowa ke kira Fijo. Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da ita a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, kudu da kogin Kaduna, unguwar da masaƙa ta riga ta kafu tun 1957. A Faransa an daina yin ƙaramar 504 a 1983, amma Kakuri ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Ita ce motar gwamnati a zamaninta, ita ce tasi, ita ce wagon ta dogon zango, ita ce kuma akori-kurar cin kasuwannin ƙauye. Ke nan autar cikinsu ta kai wajen shekara 20, manyan kuwa sun kai wajen 50. An sake wa da yawansu inji, an sake fenti, an sake kujeru. Abin da ba a cika sakewa ba shi ne wayoyi. Suna nan tun na Kakuri, sun sha rana, sun sha damina.

Yadda wuta ke tafiya

Wutar mota kamar ɗan aike take. Sai ta je ta dawo ake cewa an yi aike. Tana fita daga kan batir mai alamar tarawa (+), ta bi ta fis, ta bi ta makunni, ta bi doguwar waya har bayan mota, ta shiga ƙwan fitila. A cikin ƙwan akwai wata siririyar waya, ita ce lagwaninsa. In wuta ta ratsa lagwanin sai ya yi zafi ya ba da haske. Daga nan dole wutar ta koma kan batir mai alamar ɗebewa (-).

To, a nan ne mutane da yawa ke ɓata. Masu ƙera mota ba su ja waya ta biyu daga baya zuwa gaba ba. Ƙarfen jikin motar shi ne hanyar komawa. An ɗaure kan batir mai alamar ɗebewa a jikin mota da wata kakkaurar waya. A baya kuma an haɗa gidan fitila da jikin mota, ko da 'yar gajeruwar waya, ko ta kusoshin da suka riƙe gidan. Wannan haɗi shi ake kira wayar ƙasa, ko da yake ba ta taɓa ƙasa. A wannan darasi za a riƙa ce mata hanyar komawa.

Saboda haka wurare biyar ne kawai wuta za ta iya ɓacewa: fis, makunni, waya, ƙwai da mazauninsa, sai hanyar komawa. Mai gyaran da ya riƙe waɗannan biyar a ka ba zai yanke wayar da ba ta yi laifi ba.

A karanta abin da ke jikin ƙwai

Batirin Fijo na bolt 12 ne. A gindin kowane ƙwai akwai rubutu. 12V na nufin bolt 12. Lambar da W ke biye da ita tana faɗin ƙarfin ƙwan, watau wat. Ƙwan sigina 21W ne, haka na ribas. Na lambar mota ƙarami ne, wajen 5W. Akwai kuma mai rubutu 21/5W. Shi wannan lagwani biyu gare shi a kwalba ɗaya: ƙarami mai wat 5 na fitilar dare, babba mai wat 21 na birki. Gindinsa ɗigon dalma biyu ne. 'Yan kunnuwansa biyu kuwa ba daidai suke ba, ɗaya ya fi ɗaya sauka, don kada a sa shi a juye.

Ga inda karatu ke yi wa mutum rana. Manyan motoci irin su tirela da tanka na bolt 24 ne, ƙwansu kuma kamarsa ɗaya da na ƙaramar mota. Wanda ya sayi ƙwai mai 24V ya sa wa Fijo zai ga haske kamar na garwashi, ya yi ta neman laifin waya alhali laifin yana rubuce a gindin ƙwai. Haka nan in aka tura ƙwai mai ɗigo ɗaya a mazaunin mai ɗigo biyu, ɗigon nan ɗaya yana iya haɗe layin birki da na fitilar dare. Sai a taka birki a ga ƙananan fitilun gaba sun kama. In kuwa aka danna mai lagwani biyu a juye da ƙarfin tsiya, fitilar dare za ta yi haske kamar ana kan birki, birkin kuma ba za a gane shi ba. Ƙwan da ya ƙi shiga da lalama, ba a tilasta masa. A zare shi, a juya, a sake gwadawa.

Wani abu kuma game da Fijo: kamfanin ya saba buga lamba a jikin wayoyinsa kusa da bakinsu, ba launi kaɗai ake bi ba. In aka goge dattin da tsumma, lambar takan fito. Wayar da ke da lamba kaza a gaba, ita ce mai wannan lamba a baya. Sai dai a motar da ta bi ta hannun masu rewaya da yawa, za a tarar da wayoyin da ba na asali ba, su kuwa ba su da lamba.

Kayan aiki

Ba su da yawa: sukundireba, filaya, ƙananan sufanu, sanfefa, giris kaɗan, baƙin salatif na waya, da waya mai tsawon da zai kai daga batir zuwa bayan mota. Sai babban cikinsu, fitilar gwaji. Ba sai an saya ba. A samu ƙwai mai lafiya na bolt 12, a liƙa waya ɗaya a ɗigon gindinsa, ɗaya a ƙarfen gefensa. In aka ɗora waya ɗaya a ƙarfen mota mai tsabta, aka taɓa ɗayar a inda wuta take, ƙwan zai kama. A fara gwada ta a kan batir don a tabbata ita kanta lafiyarta lau.

Masu mita suna iya amfani da ita, amma a san halinta. Mita ba ta jan wuta sosai. Wayar da ta rube, saura silin gashi ɗaya ya riƙe ta, za ta iya nuna bolt 12 cif a mita, amma da an ɗora mata ƙwai sai ta kasa. Fitilar gwaji mai wat 21 tana jan wuta kamar yadda fitilar mota ke ja, don haka ba a cika ruɗinta ba.

Aikin na mutum biyu ne, ɗaya a kujerar direba, ɗaya a baya. A ja birkin hannu, a sa wa tayoyi dutse. A murɗa makulli zuwa inda fitilun allon gaban direba ke kamawa, kada a tayar da inji. Duk lokacin da za a yanke waya ko a haɗa, a fara cire kan batir mai alamar ɗebewa.

A fara da tambaya

Kafin a kwance ko kusa ɗaya, a gwada fitilun ɗaya bayan ɗaya: ta dare, birki, sigina dama, sigina hagu, ribas. A rubuta abin da aka gani a takarda. Sa'an nan a haɗa su biyu-biyu: fitilar dare da birki, birki da sigina. Wannan gwaji na biyu shi ne wanda yawancin mutane ke tsallakewa, alhali shi ke tona asirin ciwo mafi yawa, kamar yadda za a gani a gaba.

In fitila ɗaya ce ta mutu a gefe ɗaya, 'yar'uwarta ta ɗaya gefen tana ci, to fis da makunni sun kusa fita daga zargi, domin a yawancin layuka gefen biyu daga wuri ɗaya suke sha. A cire ƙwan a ɗaga shi a rana. Lagwanin da ya tsinke a fili yake, kwalbar da ta yi baƙi ko fari-fari ita ma ta gama aiki. In ido bai gane ba, a ɗauko ƙwan ɗaya gefen a musanya. In laifin ya bi ƙwai, an gama. In ya tsaya a gefensa, a leƙa mazaunin. Sau da yawa za a ga tsatsa, ko wani kore-kore, ko kuwa 'yan harsunan ƙarfen da ke taɓa gindin ƙwai sun kwanta don tsufa. A kashe wuta, a kankare su da sanfefa, a ɗan ɗago su da bakin sukundireba.

In gefe biyu ne suka mutu tare, ba kasafai ƙwai biyu ke mutuwa rana ɗaya ba. Sai dai a tuna, mai yiwuwa ɗaya ya mutu tun bara ba wanda ya lura, na biyun ne ya cika yau. Bayan an duba su, sai a koma gaba wurin fis. A taɓa fitilar gwaji a bakinsa na farko, a taɓa a na biyu. In ta kama a ɗaya ta ƙi a ɗaya, fis ya ƙone. In ta kama a duka biyun, wuta ta wuce, sai a bi ta zuwa makunni, daga makunni zuwa mahaɗar wayoyi ta baya. Inda fitilar gwaji ta kama a nan ta ƙi a can, to tsakanin nan da can ɓarnar take.

Ciwon da ya fi yawa

A ɗauki misali. Direban akori-kura ya shigo garejin mai rewaya a Kakuri ransa a ɓace.

Ya ce, "Maigida, motar nan an yi mata turen aljanu. In na taka birki da rana, fitilar hagu ta ɗan yi ja kamar ba ta so. In na sa sigina, duk gidan fitilar ya riƙa ƙiftawa. Da dare kuwa in na taka birki, sai gefen ya mutu gaba ɗaya. Ƙwai uku na saya."

Mai rewaya ya zagaya bayan motar, ya shafa ƙarfen. Ya ce, "Malam direba, yaushe aka yi mata fenti?"

"Sati biyu ke nan."

"To, aljanin naka fenti ne."

Ga abin da ya faru. Duk ƙwayayen da ke gidan fitila ɗaya hanyar komawarsu ɗaya ce. Mai fenti ya cire gidan, ya fesa wa ƙarfen fenti mai kauri, ya mayar ya ɗaure a kan fentin. Wuta ba ta ratsa fenti, ba ta kuma ratsa tsatsa. Ɗan aike ya je, ya tarar an toshe ƙofar komawa. Me zai yi? Sai ya bi ta gidan maƙwabta. Wutar birki ta ratsa babban lagwani, ta rasa hanyar shiga jikin mota, sai ta shiga ƙaramin lagwani ta baya, ta bi wayar fitilar dare, ta je ta sami wasu ƙwayaye masu lafiyayyar hanyar komawa, ta fita ta can. Da yake ta ratsa lagwani biyu ko uku a jere, ƙarfinta ya rabu, kowannensu sai ya ba da haske kaɗan. Shi ya sa wani lokaci har fitilun allon gaban direba sukan ɗan kama in an taka birki.

To, me ya sa da dare gefen ke mutuwa ɗungum? Domin in an kunna fitilar dare, wayarta ma tana cike da bolt 12. Wutar birki ta turo ta nan, wutar fitilar dare ta turo ta can, ƙarfinsu ɗaya, ba mai matsa wa wani. Kamar mutum biyu ne suka haɗu a ƙunƙuntar ƙofa, kowa na tura ɗan'uwansa. Ba wutar da ke gudana, sai duhu. Wannan shi ne mafi haɗari a duk ciwukan fitilar baya, domin daidai lokacin da direba ya taka birki cikin dare, a lokacin ne gefen motarsa ke ɓacewa daga idon na baya. In gefe biyun ne suka kamu, motar duka ta ɓace.

Tabbatar da wannan ciwo ba ya cin minti biyar. A ɗauko doguwar wayar nan, a ɗaura bakinta ɗaya a kan batir mai alamar ɗebewa. A sa yaro ya taka birki. A taɓa ɗaya bakin a ƙarfen mazaunin ƙwai, watau gefen da ke rungume da ƙwan, ba ɗigon gindi ba. In haske ya tashi tar nan take, sauran fitilun kuma suka daina shisshigi, an kama ɓarawo. Mai mita zai iya aunawa tsakanin ƙarfen mazaunin da kan batir mai alamar ɗebewa yayin da fitilar ke kunne. Bai kamata ya ga abin da ya kai rabin bolt ba.

Maganin ma ba tsada. A kwance inda hanyar komawa ta haɗu da jikin mota. A kankare fenti da tsatsa da sanfefa har ƙarfe ya fito fari yana ƙyalli, faɗin kwabo ya isa. A kankare bakin wayar shi ma. A ɗaure tamau, in da hali da washa mai haƙora, sa'an nan a shafe saman da giris don kada ruwa ya samu shiga. In ƙarfen wurin ya riga ya ci, kamar yadda akan gani a gindin but ɗin tsofaffin tasi, kada a wahalar da kai. A ja sabuwar waya daga gidan fitila zuwa wani wuri mai lafiyayyen ƙarfe. A akori-kura ya fi kyau a kai ta har kan shasi, domin akwatin bayan a kan kusoshi yake zaune, su kuwa tsatsa ta daɗe da cin su.

Ba fenti kaɗai ke jawo wannan ba. Daminar Kaduna doguwa ce, daga wajen watan Mayu har Oktoba. Robar da ke tsakanin murfin fitila da gidanta in ta bushe, ruwa yana shiga ya kwanta. Ƙurar hunturu kuma ta zo ta zauna a kai, ta riƙe laima in damina ta dawo. Motar da ke ɗaukar takin zamani ko gishiri ta fi kowace saurin kamuwa, domin su biyun suna cin ƙarfe. Murfin da ya fashe a sake shi. Ban da ruwan da yake sha, farin hasken da ke fita ta wurin fashewar yana sa na baya ya zaci mota ce ke fuskantarsa.

In fis na ta ƙonewa

Fis mai gadi ne. An yi shi ne don ya mutu a madadin waya. In wayar da ke ɗauke da wuta ta goge ta taɓa ƙarfen mota, wuta za ta kwarara ba tare da ta bi ta ƙwai ba, ta yi yawan da zai narkar da roba. Kafin haka ta faru sai fis ya tsinke.

Akwai mugunyar al'adar da ta zama ruwan dare a tashoshin mota: fis ya ƙone, sai a naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari, ko a ɗaura masa waya. Fitila za ta kama, gaskiya ne. Amma an kori mai gadi ke nan an bar ƙofa a buɗe. Wayoyin baya ta ƙarƙashin shimfiɗar mota suke bi, kusa da kujeru, su ƙare a kusa da tankin mai. Fis na da lamba a jikinsa, ita ce yawan amfiyar da zai iya ɗauka. A mayar da mai lamba irin ta wanda aka cire, kada a ƙara.

In sabon ma ya ƙone, ga dabara. A cire shi, a haɗa fitilar gwaji a gurbinsa, waya ɗaya a kowane baki. A cire ƙwayayen wannan layi duka, na gaba da na baya, a kunna makunni. Muddin waya na taɓa ƙarfe a wani wuri, fitilar gwaji za ta kama sosai, kuma ba abin da zai ƙone, domin ita ta tare yawan wutar. Sai a bi wayoyin ana motsa su da hannu kaɗan-kaɗan. Inda aka taɓa fitilar ta mutu ko ta yi ƙifce, nan ne. Wuraren da aka fi samu su ne inda waya ta ratsa hujin ƙarfe robar hujin ta faɗi, da inda kaya ke gogar ta a cikin but, da maƙogwaron ƙofar bayan wagon inda waya ke lanƙwashewa kullum aka buɗe aka rufe, da ƙarƙashin akori-kura inda duwatsun hanya ke dukanta. A duba kuma duk inda wani ya taɓa jan wutar rediyo ko ƙarin fitilun ado.

Wurin da ya lalace a yanke shi, a sa sabuwar waya mai kauri irin na tsohuwar ko fiye. A yi amfani da wayar mota mai silli da yawa. Wayar gida mai ƙarfe ɗaya ba ta jure girgiza, karyewa take yi a cikin robarta inda ido ba ya gani. A murɗe haɗin sosai, a liƙe da dalma, sa'an nan a naɗe da salatif. Haɗin da aka murɗe kawai aka naɗe da leda, damina ɗaya zai yi.

Makunnai

Makunnin fitilar birki yana sama da abin taka birki. Wayoyi biyu ne a jikinsa. In aka zare su aka haɗa bakinsu fitilun birki suka kama, makunnin ne ya mutu ko ya goce daga mazauninsa. Shi ne kuma ke sa fitilar birki ta ƙi mutuwa har ta shanye batir cikin dare. Na ribas a jikin giyabos yake, gwajinsu ɗaya, amma sai an shiga ƙarƙashin mota, don haka a tabbata inji a kashe yake, tayoyi kuma a tokare.

Sigina tana da 'yar na'urar da ke sa ta ƙiftawa, wadda ake jin ƙararta ƙyas-ƙyas a gaban direba. In ƙiftawar ta yi sauri fiye da kullum a gefe ɗaya, ko ta tsaya cak, yawanci ƙwai ɗaya ne ya mutu a wannan gefe, ko hanyar komawarsa. Na'urar ba a zarginta sai gefe biyun sun ƙi tare.

Ƙwayayen zamani da ake kira LED sun cika kasuwa, suna da haske, ba sa cin wuta. Amma da yawansu ba sa kamawa in wayoyin mazaunin a juye suke. In aka sa su a sigina kuma, tsohuwar na'urar ƙiftawa takan ɗauka ƙwai ya mutu saboda ƙarancin wutar da suke ja, sai ta rikice. Ba sa kuma warkar da ruɓaɓɓiyar hanyar komawa. A gyara ta tukuna.

Direban da ba shi da yaro zai iya duba fitilunsa shi kaɗai kafin ya bar tasha. Ya matso da bayan motar kusa da bango da magariba, ya kunna fitilar dare, ya taka birki, ya sa sigina, yana kallon jan hasken a bangon ta madubi.

Aikin aji

Ana gane yawan amfiyar da ƙwai ke ja in aka raba wat da bolt. Ƙwai mai wat 21 a motar bolt 12 yana jan amfiya 1.75. To, amfiya nawa fitilun birki biyu ke ja tare?

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa. In direban baya ya makara da daƙiƙa 3 kafin ya gane ta gabansa ta tsaya, mita nawa ya ci?

Malamin aji ya kawo matattun ƙwayayen mota uku ko huɗu daga gareji. Kowane ɗalibi ya karanta abin da ke rubuce a gindinsu, ya kwafe a littafinsa, ya faɗi wanne ne na birki, wanne ne na sigina, wanne ne kuma ba na Fijo ba.